Fure Ke Faɗin Dangi: Yadda Ake Gane Tsiron Da Ba A San Sunansa Ba

(An rubuto wannan lacca daga faifan da aka naɗa a wani zama da ɗaliban aikin gona, malaman gona, masu sayar da dashe da masu maganin gargajiya, a ƙarshen damina.)

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban zama, iyayena masu maganin gargajiya da na ga sun cika sahun gaba, malaman gona, ɗalibai, barkanmu da war haka. Na baya kuna ji na? To madalla. Waɗannan rassa da kuke gani a kan tebur, kowa zai taɓa su kafin mu tashi, kada a yi gaggawa.

An ce in yi magana a kan yadda mutum zai gane tsiron da ya tarar babu suna a jikinsa. Ka sayi dashe a bakin titi cikin baƙar leda, ka tambayi mai sayarwa, ya ce maka fulawa ce, iyakar bayaninsa ke nan. Ko wani abu ya fito a bayan ɗaki bayan ruwa ya zauna, ya yi fure, yara suna wasa da shi. Ko akuya ta ci wani ganye ta kwanta. Duk tambaya ɗaya ce: wannan mene ne? Abu biyar zan kawo, in Allah ya yarda.

Na farko, kafin ka kai hannu, ja da baya ka dubi tsiron gaba ɗayansa. Itace ne, ƙaramin itace ne mai rassa tun daga ƙasa, ciyawa ce, ko mai yaɗo? A fadama yake ko a jigawa? Wane lokaci ya yi fure? Itacen da ka gani tsirara da damina alhali kowa ya yi kore, sai da rani ya yi ganye, ba sai ka je kusa ba, gawo ne. Fure mai ruwan hoda da ya fito a gindin dawa ko gero, dawar kuma ta tsumbure, ƙuduji ne, wasu su ce wuta-wuta. Abin da ya fito a kan reshen wani itace ba shi da saiwa a ƙasa, kauci ne. Wannan kowa ya sani, ba zan daɗe a kai ba.

Na biyu, ganye. Tambaya uku za ka yi masa. Yaya ya zauna a jikin kara? Biyu-biyu suna fuskantar juna a gaɓa ɗaya, kamar na tumfafiya, ko ɗaya nan ɗaya can, kamar na kuɓewa? Sannan, ganye ɗaya ne, ko ganye ne da ya rarrabu? A nan ɗalibai ke ruɗewa. Ga zogale a hannuna. Ganye nawa na riƙe? Yarinya, ke mai farin hijabi, nawa? Ta ce sun fi ɗari. (Dariya) Ɗaya ne, 'yata, ɗaya tak. Ga yadda za ki gane: ki bi shi har inda ya manne da kara, za ki ga ɗan ido a hammatarsa, inda sabon toho zai fito. Duk inda idon nan yake, nan ganye ya fara. Waɗannan ƙananan ba su da ido a gindinsu, saboda haka 'ya'yan ganye ne. Tambaya ta uku, jijiyoyi. Ka ɗaga ganyen ka haska shi a rana. In jijiyoyin sun miƙe a jere tun daga gindi har baki, kamar na dawa da masara, to in ya yi fure mai kunnuwa, wato fallayen nan masu launi na jikin fure, ka sa ran ganin uku ko shida. In sun yi raga, ka sa ran huɗu ko biyar.

To, na uku. Fure. Ku gyara zama, don nan zuciyata take.

Ganye yana ruɗi. Ina so ku riƙe wannan, ganye yana ruɗi. Ganye yana bin ruwa, yana bin inuwa, yana bin taki, yana bin bakin akuya. Tsiro ɗaya, a bakin rijiya ganyensa faffaɗa, a kan tudu ya ƙanƙance. Ga rama, na tumɓuko ta da saiwarta don ku gani. Ku dubi ganyen ƙasa: dunƙulalle ne, bai tsage ba. Ku dubi na sama: ya tsattsage gida biyar, wani har bakwai. Kara ɗaya ne fa! Da na tsinko su daban na ajiye muku, da rabin ɗakin nan ya rantse tsiro biyu ne. Yakuwa ma haka take yi. Kuka ma, ɗan kukar da ya tsiro bana ganyensa dunƙulalle ne, bai rarrabu ba, sai ya girma yake yin yatsu biyar. Mutane da yawa suna nome 'ya'yan kuka a gonarsu ba su san kuka ce ba, sannan a zauna ana cewa ai kuka ba ta tsirowa yanzu, sai tsofaffin da muka gada.

Fure kuwa ba ya canza tsarinsa. Dalili shi ne aikinsa haihuwa. An yi shi daidai da wanda zai ɗauki garinsa ya kai wa wani, ko zuma, ko malam-buɗe-littafi, ko tsuntsu, ko jemage, ko iska. In ya canza, zuriya ta yanke. Saboda haka ko a fadama ko a jigawa, ko da taki ko babu, adadin kunnuwansa da yadda mazansa suka zauna yana nan yadda yake. Fure shi ne tsagar gado. Mutum yana iya canza riga kullum, amma tsagar da ke fuskarsa tana gaya maka gidansu.

A rarraba furannin kuɓewar nan, kowane sahu a ɗauki ɗaya. Da safe na tsinko su, shi ya sa suka fara laushi, furen kuɓewa yini ɗaya yake yi. Ku juya shi ta baya tukuna. Mutane ba sa kallon bayan fure, alhali rabin labarin yana can. Kun ga koren abin da ya riƙe shi? Wannan mu kira shi ƙoƙo. Yanzu ku juyo gaba. Masu launin nan mu kira su kunnuwa. Ku ƙirga. Biyar. Launi ruwan ɗorawa mai haske, can ciki kuma a gindinsu akwai jan tabo mai duhu. Yanzu ku dubi tsakiya, ku dubi tsakiya da kyau. Akwai wani ɗan sanda a tsaye, jikinsa duk gari. Waɗannan su ne mazan fure. A yawancin furanni mazan a warwatse suke, kowane da zarensa. A nan kuwa sun haɗe sun zama bututu guda, macen ta bi ta cikin bututun ta ɓullo a sama. Kun ga kanta? Ja wur, da laushi kamar karan-miski. Ku tsaga bututun da farce a hankali ku bi shi har ƙasa, za ku tarar da 'yar mitsitsiyar kuɓewa a zaune. Ita ce mahaifa, ita za ta zama abin da ake yankawa a miya.

Duk inda ka ga wannan, kunnuwa biyar da maza da suka haɗe suka zama sanda a tsakiya, ka shiga gidan su kuɓewa. Ko a Makka ka gan shi, ko a Indiya, ko a bakin ofishin gwamna.

Ga furen rama. Ku kwatanta. Kunnuwa biyar, jan tabo a ciki, sanda a tsakiya. Ga na yakuwa, ya fi ƙanƙanta, amma ga sandan nan. Hajiya, ke da kike dafa zoɓo, kin san wane ɓangare kike dafawa? Ta ce furen. Kusa da shi ne, Hajiya, amma ba kunnuwan ba. Kunnuwan yakuwa yini ɗaya suke yi su zube. Ƙoƙon nan na baya, shi ne yake ci gaba da kumbura bayan fure ya faɗi, ya yi nama, ya yi ja, ya rufe ƙwallon iri. Shi kuke ɓarewa ku shanya. Ashe duk mai shan zoɓo ƙoƙon fure yake sha.

Ga auduga. Manoman auduga na nan? Na Funtuwa da Gusau sun san abin da zan faɗa. Furen auduga ranar da ya buɗe fari ne mai ɗan ruwan ɗorawa, kashegari ya koma ja-ja, sannan ya faɗi. Wanda bai sani ba ya shiga gona ya ga fure launi biyu a kan tsiro ɗaya, sai ya ce an gauraya iri. Ba a gauraya komai ba, na jiya ne da na yau. Wannan ma darasi ne: launi shi ne abu na ƙarshe da za ka dogara da shi. Mutane su kan zo mini su ce, Malam, wani tsiro ne mai jan fure. Jan fure! Furanni nawa ne ja a duniya? Ka ƙirga mini kunnuwa, ka gaya mini a haɗe suke ko a rabe, ka gaya mini yadda maza suka zauna, sannan ka faɗi launi. Ku juya furen auduga ta baya, akwai wasu manyan ganyayyaki uku masu haƙora da suka lulluɓe shi. Wannan ne ya raba ta da rama. Amma sandan tsakiya yana nan.

Sannan jan furen nan da ake dasawa a gaban ofisoshi da asibitoci, mai dogon harshe da ya zaro waje, wanda Turawa ke kira hibiskus. Harshen nan shi ne sandan da muke magana. Ɗan'uwan rama da yakuwa ne na jini, har sunansu na farko a ilimin tsirrai ɗaya ne. Masu sayar da dashe, gobe in mai saye ya tambaye ku, ku ce masa ɗan'uwan zoɓo ne, ku ga in bai ƙara sayen ɗaya ba. (Dariya)

Yanzu ga wanda na fi so. Wa ya taɓa tsayawa ya kalli furen kuka? Baba, kai ka gani, na sani. Ɗalibai kuwa hannu biyu kawai na gani. Subhanallahi, itacen da muke shan miyarsa kullum! Da farkon damina take yi. Fure ne fari, babba, ya cika tafin hannu, yana reto a dogon zare, kansa a ƙasa. Da magariba yake buɗewa, kana tsaye kana iya ganin yana motsi. Warinsa ba daɗi gare mu, amma jemage yana so, shi ne kuma mai ɗaukar garin daga wannan kuka zuwa waccan cikin dare. Kafin yammacin gobe ya yi laushi ya fara komawa ruwan ƙasa. Ka tsinci wanda ya faɗo ka duba. Kunnuwa biyar sun lanƙwashe baya. A tsakiya ga bututu, a bakin bututun ga maza ɗaruruwa sun yi tuntu, ga macen ta zaro ta tsakiyarsu. Tsarin furen kuɓewa ne, an dai ƙara masa girma. Ƙatuwar kukar da mutum goma ba sa iya zagaye ta da hannu, da kuɓewar da ba ta wuce wata huɗu a gona, gida ɗaya suka fito. Ni dai duk lokacin da na ga wannan sai na yi tasbihi.

Da ka gane haka, sai sauran alamu su fara zuwa da kansu. Miyar kuɓewa yauƙi, miyar kuka yauƙi, lalo yauƙi, shi ma ɗan gidan ne. Ɓawon rama ana igiya da shi, ɓawon kuka ana igiya da shi. Auduga tana ba da zare, rimi yana ba da audugar rimi, shi ma ɗan gidan ne. Jijiyoyin ganyensu daga wuri ɗaya suke tashi su bazu. Ƙaiƙayin da ke damun mai tsinkar kuɓewa, gashi ne ƙanana a jikinta, in ka sa gilashin ƙara girma za ka ga irinsu a jikin da yawa daga cikin dangin. Binciken ƙwayoyin halitta da aka yi daga baya ma ya shigo da goro da kokon da ake cakulan da shi cikin wannan gida.

Amma a kula, kama da wane ba ta wane. Karkashi ma yana yauƙi, ko ba haka ba? To ba ɗan gidan ba ne. Ku dubi furensa, ga shi: kunnuwan sun haɗe sun zama 'yar jaka mai baki a karkace, babu sanda a tsakiya, maza huɗu ne kawai a maƙale a ciki. Ku je gonar riɗi ku dubi furen riɗi, shi ne sak. Karkashi ɗan'uwan riɗi ne. Yauƙi ya ce kuɓewa, fure ya ce a'a, kuma maganar fure ake bi.

Wani zai ce, to Malam, na san kuka da kuɓewa dangi ne, me ya ƙare ni da shi? Malaman gona, ku ba shi amsa. Ƙwari sun san dangi tun kafin mu sani. Jan ƙwaron nan da ke ɓata farin auduga yana zama a kuɓewa, yana zama a rama, yana samun mafaka a kuka da rimi. Tsutsar da ke huda ƙwallon auduga tana huda kuɓewa. Saboda haka wanda ya cire auduga ya sa kuɓewa a wurin yana ganin ya canza shuka, a wajen ƙwaro bai canza komai ba. Sannan in ka tarar da baƙon tsiro, da zarar ka gane gidansu, ka rage aikinka. Maimakon ka neme shi cikin dubban tsirrai, sai ka neme shi cikin 'yan kaɗan, kuma ka riga ka san halin gidan, na ci ne ko na hattara.

Wannan ba sabon tunani ba ne. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Linniyas, a shekarar 1753 ya fitar da littafin da ya ba kowane tsiro suna biyu, sunan zuriya da sunan kansa, kuma da ƙirga mazan fure ya rarraba su. An gyara tsarinsa daga baya, amma sunayen biyu-biyu har yau da su ake aiki. Kafin shi da ƙarnuka, Ibn Baiɗar, mutumin Malaƙa a Andalus, wanda ya rasu a Dimashƙu a 1248, ya yi yawo yana tattara tsirrai da hannunsa, ya rubuta magunguna kusan 1,400. A nan ƙasarmu kuma wani likita Bature, Dalziel, ya zauna da mutane irin su Baba yana tambaya yana rubutawa, a 1916 ya fitar da littafin sunayen tsirrai da Hausa. Ilimin na iyayenmu ne, shi ya rubuta. Ɗalibai, iyayen nan ga su a gabanku a zaune, ku ma kuna da biro.

Sauran gidajen bari in bi su da sauri, shugaban zama ya fara kallon agogo. Gidan wake: fure mai tuta a sama, fukafukai biyu a gefe, da ɗan kwale-kwale a ƙasa, sannan 'ya'ya a cikin kwanso. Wake, gyaɗa, gurjiya, baba na rini. Gidan gauta: kunnuwa biyar a haɗe, maza biyar. Tumatir, barkono, gauta, dankalin Turawa, taba, da zaƙami. Ee, zaƙami, mai dogon farin fure da 'ya'ya masu ƙaya, wanda ke haukata matasanmu, har ya kashe. Gida ɗaya da tumatir. Shi ya sa a wannan gidan ba a cin baƙo don ya yi kama da ɗan gari. Gidan kabewa: yaɗo, da zaren kamawa, fure namiji daban mace daban, macen tana da ɗan ƙullutu a ƙarƙashinta. Kabewa, duma, kankana, guna, garafuni. Gidan ɗoɗɗoya: ka murza karan tsakanin yatsu ka ji kusurwa huɗu, ganye biyu-biyu, ga ƙamshi. Akwai kuma masu ɓad da kama. Bogenbiliya da ke hawa katangun gidaje, jan abin nan ko shunayya da kuke gani ganye ne ya yi launi, furen gaskiya ɗan fari ne ƙarami a tsakiya.

Kada wani ya fita ya ce na ce a watsar da ganye. Fure ya kai ka ƙofar gida, ganye ne zai nuna maka wane ne a cikin gidan. Ga tafasa, ga rai-ɗore. Furensu duka ruwan ɗorawa, kunnuwa biyar, kusan ba ka raba su. Amma ku ƙirga 'ya'yan ganye. Tafasa shida ne, biyu-biyu sau uku, bakinsu a zagaye, kwansonta siriri dogo a lanƙwashe. Rai-ɗore takwas ne ko goma, bakinsu da tsini, kwansonsa a baje, in ka murza ganyen kuma wari ne mai nauyi. Tafasa ana kwaɗo da ita. Ɗanyen irin rai-ɗore kuwa yana illa ga dabbobi, kuma a arewacin Indiya likitoci sun gano yana lalata hantar yaran da suka ci shi da yawa.

Sauran abubuwan da suka rage cikin biyar ɗin nan kuma in haɗa su wuri ɗaya. Ka karya ɗan reshe ka ga ko yana fitar da nono. Farin nono alamar hattara ce, tumfafiya, tinya, aguwa, kariya, kada ya shiga ido. Ka murza ganye ka sansana. Ka nemi 'ya'ya, ko busassu ne a ƙasa. Amma kada ka ɗanɗana. Na roƙe ku don Allah, harshe ba ma'aunin baƙon tsiro ba ne. In za ka kai wa wani ya duba maka, kada ka kai ganye ɗaya a aljihu. Ka yanko reshe mai ganye da fure, da 'ya'ya in akwai, ka shimfiɗa shi a cikin tsohuwar jarida, ka danne da abu mai nauyi, kana canza jaridar kullum har ya bushe. Ka rubuta inda ka samo shi, da ranar, da tsayinsa, da launin furen, don launi yana gushewa. Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tana da ɗakin ajiyar busassun tsirrai, cibiyar binciken gandun daji a Ibadan ma tana da babba, ana kwatanta naka da nasu. Masu waya kuma, akwai manhajoji irin su PlantNet da iNaturalist. Suna taimakawa, amma tsirran Turai da Amurka sun fi yawa a cikin hotunan da suka koya da su, saboda haka abin da waya ta faɗa maka zato ne, sai ka koma ka ƙirga da idonka. Ka ɗauki furen ta gaba, ta gefe, ta baya, ganye sama da ƙasa, da tsiron gaba ɗaya.

Na ga hannu a can. Bismillah, Malama. A miƙa mata lasifika.

(Wata malamar firamare: Allah ya gafarta Malam, a makarantarmu akwai wani itace da aka yi shinge da shi, furensa ruwan ɗorawa kamar ƙararrawa. Yara suna tsinkar 'ya'yansa suna wasa, har suna fasa ƙwallon. Babu wanda ya san sunansa. Ko akwai matsala?)

Malama, Allah ya saka miki da alheri, kada ki zauna tukuna, tare za mu yi aikin. Jama'a ku saurara, ga abin da muke faɗa ya zo da ƙafarsa. Masu fure ruwan ɗorawa mai siffar ƙararrawa da ake dasawa a garuruwanmu, uku ne suka fi yawa, kuma ganye ne zai raba mana su.

Ganyen ya rarrabu gida-gida da haƙora a gefe, kamar na darbejiya? Ta ce a'a. To mun fitar da na farko, wanda ake kira tekoma, shi ba ya nono, 'ya'yansa kuma dogon kwanso ne siriri. Ganyen faffaɗa ne, uku ko huɗu sun kewaye gaɓa ɗaya, itacen yana son jingina da katanga? A'a. To mun fitar da alamanda. Siriri ne dogo, kamar tsawon yatsa ko fiye, yana sheƙi, sun yi yawa a kan reshe ɗaya nan ɗaya can? Ta ce haka ne. In an karya yana fitar da farin nono? Sosai, in ji ta. 'Ya'yan kore ne masu kusurwa, ba su kai ƙwai ba, in sun nuna su yi baƙi, a ciki akwai ƙwallo mai tauri? To.

Malama, ba zan yanke hukunci ba sai na ga reshen da idona, amma duk alamun da kika ba ni na itacen da ake kira tebeshiya ne. Asalinsa daga Meziko da tsakiyar nahiyar Amurka, an kawo shi don ado, kuma ya karɓu a wurinmu saboda yana jure fari, awaki ma ba sa cin sa. Gidansu ɗaya da tumfafiya da kariya. Dukkan jikinsa dafi ne, ganye, nono, fure, amma ƙwayar da ke cikin ƙwallon ta fi. Dafin zuciya yake kamawa, ya rage bugunta ya hargitsa shi. Ƙwaya ɗaya ko biyu na iya halaka yaro. A ƙasar Sirilanka asibitoci sun sha karɓar mutane masu yawa saboda wannan ƙwayar.

Saboda haka gobe da safe, kafin a shiga aji, ki sami shugaban makaranta. A tsinke 'ya'yan da ke kai duka, a share waɗanda suka zuba, a tara yara a nuna musu itacen a gaya musu. In za a sare shi, kuma ni shawarata a makarantar ƙananan yara a sare shi, mai saran ya rufe hannunsa ya kiyaye idonsa, ya wanke hannu da sabulu bayan ya gama. Kada a yi girki da itacen, kada a yi asuwaki da shi, kada a zuba wa dabbobi ganyen. In kuwa yaro ya riga ya ci, ko da bai nuna komai ba, kada a tsaya ba shi manja ko madara ana jira a gani, domin alamun suna iya jinkiri, amai, jiri, kasala, sannan zuciya. A wuce da shi asibiti nan take, a tafi da reshen da ƙwallon a nuna wa likita, a gaya masa lokacin da ya ci.

Ki yanko mini reshe ɗaya mai fure da ɗa, ki sa a leda, ki ba shugaban zama, zai iso gare ni. Iyayena masu magani, na ga Baba yana gyaɗa kai, in akwai irinsa a unguwanninku ku ma ku duba. Masu sayar da dashe kuma, ba na ce ku daina sayar da shi ba, amma duk wanda ya zo saye ku tambaye shi ko akwai ƙananan yara a gidan.